Teku ne ya sauka, ko ƙasa ce ta hau?

"Malam, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Da muka zo darasin gaɓar teku, na gaya wa ɗalibai cewa akwai wuraren da ake ganin tsohon bakin teku can a saman tudu, akwai kuma dazuzzukan da yanzu suke ƙarƙashin ruwa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, 'Malama, wa ya auna a wancan lokacin? Kuma ta yaya aka san teku ne ya sauka, ba ƙasar ce ta hau ba?' Amsar da na ba ta ko ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Don Allah a warware mini."

Malama, ki gaishe mini da yarinyar nan. Tambayarta ta biyu ita ce ta sa masana a Turai suka yi ta ja-in-ja fiye da shekara ɗari, saboda haka kada ki ga laifin kanki. In na fahimce ki, abu biyu ake nema. Na farko, wace irin alama teku ke bari, har mutum ya zo bayan dubban shekaru ya nuna da yatsa ya ce nan ruwa ya taɓa tsayawa. Na biyu, in an ga alamar a inda bai kamata a gan ta ba, can sama ko can ƙarƙashin ruwa, wa za a ɗora wa motsin.

Zan fara da na biyun, don a nan gizo ke saƙa. Alama guda a wuri guda ba ta raba wannan gardama, kuma ɗalibarki gaskiya ta hango. Tsohon bakin teku da ke mita 10 sama da ruwan yau abu ɗaya tak yake faɗa: tazarar da ke tsakanin wannan ƙasa da ruwan ta canja da mita 10. Ko ruwa ne ya sauka mita 10, ko ƙasa ce ta hau mita 10, ko kuwa ƙasa ta hau 15 ruwa ya biyo ta da 5, abin da ido zai gani a jikin dutsen iri ɗaya ne. Sai an san shekarun alamar, an kuma gwada ta da takwarorinta na wasu gaɓoɓi, sannan ake iya cewa wane ne ya motsa.

Inda teku ke sa hannu

Duk girman teku, a ɗan siririn wuri yake yi wa ƙasa aiki, wato tsakanin inda ruwa ke kaiwa in ya cika da inda yake komawa in ya janye, sai ɗan abin da igiyar ruwa ke iya tsallakawa sama da haka. A wannan ɗan tsakanin ne igiya ke ɗaukar tsakuwa tana dukan gindin dutse da ita dare da rana. Tana cin gindin har ya yi lungu, saman ya rasa madogara ya rufto, ta kwashe ɓaraguzan, ta sake farawa. Da haka dutsen ke ja da baya yana barin wani shimfiɗaɗɗen fa a gabansa, kusan daidai da fuskar ruwa. Tsakuwar da ta yi aikin kuma takan goge ta zama mulmulalliya, sumul. Halittun bakin ruwa su ma kowace da iyakarta: kawa da ƙumba da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa dutse suna jeruwa ne layi-layi, kowane iri a tsayin da yake iya jure bushewa. Murjani mai gina tudu a teku yana buƙatar hasken rana, don haka ba ya nisa da saman ruwa.

To, in tazarar ta canja, teku sai ya bar wannan aikin inda yake, ya fara sabo a wani tsayin. Wanda ya san kamannin aikin ba ya ɓacewa a kansa. Za ki hau daga bakin ruwa ki tarar da fili shimfiɗe kamar an daidaita shi da gangan, ciyawa ta rufe shi. A bayansa ga bangon dutse a tsaye, irin wanda igiya kaɗai ke yankawa, amma gansakuka ta lulluɓe shi, alamar ruwa ya daɗe bai taɓa shi ba. A gindin bangon ga kogo mai santsin baki. In kika tona ƙasan kogon da ɗan cebur, bayan taƙi ɗaya ko biyu sai ki ji kin bugi mulmulalliyar tsakuwa haɗe da gutsattsarin ƙumba. Irin wannan ya cika yammacin Sikotlan, a tsibiran Jura da Arran. Mu masu awo ba tsakiyar filin muke aunawa ba, kusurwar da fili ya haɗu da gindin bango muke nema, domin ita ce ta fi kusa da inda ruwa yake kaiwa in ya cika a wancan zamanin. Sau da yawa kuwa ƙasar da ta gangaro daga sama ta binne ta, sai an tona.

Inda ruwa ya ci ƙasa kuma alamun dabam suke. Kogi ba ya iya haƙa kwarinsa ƙasa da fuskar teku sosai, saboda in ya isa teku ƙarfinsa ya ƙare. Idan aka ga kwarin kogi da duk rassansa cike da ruwan gishiri, a taswira kamar itace mai rassa, to an haƙa shi ne a lokacin da bakin teku ke can nesa kuma can ƙasa. Haka gaɓar Galisiya take a arewa maso yammacin Sifaniya, haka tashar jiragen ruwan Sidni a Ostireliya, haka Chesapeake a Amurka, wadda ba komai ba ce illa ƙarshen kwarin kogin Susquehanna da teku ya shanye. A Borth, ƙasar Wales, guguwa kan kwashe yashin gaɓa ta tono kututturan itatuwa da saiwoyinsu a kafe inda suka tsira, shekaru dubu huɗu zuwa shida da suka wuce, a wurin da yau ruwan gishiri ke rufewa kullum. Wanda ya fi burge ni shi ne kogon Cosquer kusa da Marsay a Faransa. Ƙofarsa tana mita 37 ƙarƙashin ruwa, sai mai ninkaya da tukunyar iska ke iya shiga, amma a can ciki, inda ya ɗaga sama da ruwa, akwai zanen dawaki da tambarin tafin hannun mutane, wasu sun kai shekara 27,000. Waɗanda suka yi zanen da ƙafa suka shiga.

Motsin ruwa

Ruwan duniya kusan adadinsa ɗaya ne, wurin ajiyarsa ne ke canjawa. A ƙarshen zamanin ƙanƙara na baya-bayan nan, wajen shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta danne Kanada da arewacin Turai. Duk ruwan da ya daskare a can daga teku ya fito, shi ya sa teku ya yi ƙasa da kimanin mita 120 zuwa 130. Mashigin Bering, wanda matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 50 ba, ya zama tudu tsakanin Asiya da Amurka. Ostireliya da Niyu Gini suka zama ƙasa ɗaya. Ana tafiya daga Ingila zuwa Holan ba a hau jirgi ba, kuma a 1931 wani jirgin masunta a Tekun Arewa ya jawo dunƙulen ƙasa a cikin komarsa, aka fasa aka sami kan mashi mai ƙayoyi da aka sassaƙa da ƙahon dabba. Da ƙanƙarar ta narke ruwa ya dawo, wani lokaci a hankali, wani lokaci a guje. Wajen shekara 14,500 da suka wuce ya hau kusan mita 20 cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. Daga kimanin shekara 6,000 da suka wuce sai ya lafa.

Wannan shi ya sa kusan kowace gaɓa a duniya ke da alamar nutsewa. Ruwa ya hau kan kowa. Abin tambaya shi ne me ya sa wasu wuraren suka tsere masa.

Motsin ƙasa

Masunta da mafarautan gaɓar Suwidin sun daɗe da lura cewa duwatsun da wasu dabbobin teku ke hawa su sha hantsi sun yi musu tsawo, tashoshin kwale-kwale na kakanni kuma sun koma fadama. Anders Celsius, wanda ma'aunin zafi ke ɗauke da sunansa, ya sa aka sassaƙa alama a wani dutse a tsibirin Lövgrund a 1731, daidai fuskar ruwa. Ya ƙiyasta cewa ruwa na raguwa da kimanin santimita ɗaya a shekara. Lissafinsa ya yi kusa da daidai, fassararsa ce ta kauce, domin shi a ganinsa ruwan teku ne ke ƙarewa. Abin da ya karya wannan ra'ayi shi ne gwada wuri da wuri. A arewacin Tekun Baltik raguwar na da sauri, a wajen Stockholm ta kai kusan rabin haka, a can kudancin Suwidin kuwa babu ita. Ruwan teku ɗaya ba zai sauka a wannan gefe ya ƙi sauka a wancan ba. Ashe ƙasa ce ke ɗagawa, kuma ba daidai take ɗagawa ba. Dalilin kuwa sai a 1865 Thomas Jamieson, mutumin Sikotlan, ya kawo shi: nauyin ƙanƙara ne ya danna ɓawon duniya ƙasa, da aka sauke kayan yake komowa.

Ki ɗauke shi kamar mutum ya zauna a kan katifa. Inda ya zauna ya lotsa, gefe-gefensa ya kumbura. In ya tashi, lotsawar ta cike, kumburin ya sace. Bambancin kawai shi ne dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya a hankali ƙwarai yake malala, ya fi kwalta nawa, shi ya sa ƙanƙara ta tafi tun kusan shekara 10,000 amma har yau ƙasar ba ta gama miƙewa ba. A gaɓar Tekun Botniya, wato arewacin Baltik, tana hawa kusan milimita 9 a shekara, a Hudson Bay ta Kanada ta ɗara santimita ɗaya. Inda kumburin yake kuwa, kamar kudancin Ingila da Holan da gabashin Amurka wajen Chesapeake, ƙasa sauka take yi. A gaɓar Suwidin akwai wani tsauni, Skuleberget, da tsohon bakin teku a kansa mita 286 sama da ruwan yau. Ba sai da na'ura ake ganinsa ba. Jikin tsaunin tsurar dutse ne, igiya ta wanke ƙasarsa tas tun yana cikin ruwa, amma can ƙololuwa, ɗan wurin da ya leƙo a matsayin tsibiri, ƙasar na nan, itatuwa sun tsira a kanta kamar an kifa masa hula. Bakin hular shi ne iyakar teku. Kuma ki lura, a lokacin da aka yi wannan alama tekun duniya ƙasa yake da na yau da mita da dama, kenan hawan da ƙasar ta yi ya ma fi 286.

Wani motsin kuma ba ya jiran shekaru. Bayan girgizar ƙasar Concepción a Chile, ran 20 ga Fabrairun 1835, Kyaftin FitzRoy, shugaban jirgin da Charles Darwin ke ciki, ya sauka a tsibirin Santa María ya tarar da ƙumba manne da duwatsu kimanin mita 3 sama da inda ruwa ke kaiwa, tana ruɓewa tana wari. A Kaikōura ta Niyu Zilan, a Nuwamban 2016, mutane sun wayi gari sun ga ƙasan teku a waje, ciyawar ruwa na bushewa a rana. A yammacin tsibirin Karita na Girka girgizar shekara ta 365 Miladiyya ta ɗaga gaɓa har kusan mita 9, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Phalasarna ta koma kan tudu. Akwai kuma akasin haka. A gaɓar jihar Washington ta Amurka akwai matattun itatuwa a tsaye cikin fadamar gishiri. Zoben shekarunsu na ƙarshe ya nuna sun mutu tsakanin ƙarshen 1699 da farkon 1700, rubuce-rubucen Japan kuma sun ambaci igiyar tsunami da ta zo musu ba tare da sun ji girgiza ba a Janairun 1700. Da aka haɗa biyun aka gane girgizar da ta tura igiyar zuwa Japan ce ta sa ƙasar ta faɗa dare ɗaya, ran 26 ga watan, ruwan gishiri ya shiga saiwoyin.

Misalin da na fi son nuna wa ɗalibai yana Pozzuoli, kusa da Naples a Italiya. Wata tsohuwar kasuwar Rumawa ce, ginshiƙanta uku na marmara har yau a tsaye. Daga gindi zuwa sama da mita 3 jikinsu lafiya lau. Daga nan sai wani ɗamara mai faɗin kusan mita 3 da ya sha huda kamar gara ta ci itace, aikin wata irin ƙumba mai haƙa rami a dutse, wadda ba ta rayuwa sai a cikin teku. Sama da ɗamarar kuma lafiya lau. Ba wanda zai gina kasuwa a cikin ruwa, kenan a tudu aka gina ta, ta nutse har ruwa ya kai wajen mita 6 a jikin ginshiƙan, sannan ta sake fitowa. Gindin ya tsira ne don ɓaraguzai da toka sun binne shi. Tunda ginshiƙan ba su faɗi ba, a hankali abin ya faru. Charles Lyell ya sa hotonsu a farkon littafinsa na 1830 kan ilimin duwatsu. Me ya sa ba za a ce Bahar Rum ne ya hau ya sauka ba? Don sauran gine-ginen Rumawa a gaɓoɓin wannan teku ba su nuna haka ba. Garin yana zaune ne a kan wani babban dutse mai aman wuta, ƙasar na kumbura tana sacewa, kuma tsakanin 1982 da 1984 kaɗai ta hau kimanin mita 1.8, har tashar jiragen garin ta yi wa jirage ƙarancin zurfi.

Yadda ake raba su

Kin ga dabarar ta riga ta fito sau biyu, a Suwidin da Pozzuoli. Ruwa a kwance yake. Duk bakin tekun da aka yi a zamani ɗaya, a tsayi ɗaya aka yi shi. In muka bi shi kilomita bayan kilomita muka tarar ya karkace, nan mita 12, can mita 7, can gaba ya shige ƙarƙashin ruwa, to karkacewar ta ƙasa ce. In kuwa alama mai shekaru ɗaya ta bayyana a kusan tsayi ɗaya a nahiyoyin da ba abin da ya haɗa su, ruwa ne.

Amma ba a cewa alamu biyu sa'o'in juna ne sai an san shekarunsu. Ƙumba da itace da ruɓaɓɓen ganye ana auna su da kabon-14, wani sinadari da ke raguwa a hankali a jikin abin da ya mutu, awon da ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Murjani ana auna shi da yuraniyom da ke cikinsa, wannan kuwa yana kaiwa ɗaruruwan dubban shekaru. Da wannan aka gano wata alama da ta zama mana kamar magwaji. Wajen shekara 125,000 da suka wuce duniya ta yi ɗumi, teku ya fi na yau da kamar mita 6 zuwa 9. A wuraren da ƙasa ba ta cika motsi ba, irin su yammacin Ostireliya da tsibiran Bahamas da Seychelles, murjanin wancan zamani yana 'yan mitoci sama da ruwa. A Barbados ana samunsa har wajen mita 60. A yankin Huon na Papuwa Niyu Gini yana ɗaruruwan mita a sama, gaɓar ta zama matakala, hawa bisa hawa, kowane hawa tsohon tudun murjani. Ki cire rabon teku, abin da ya rage na ƙasa ne, ki raba shi da shekaru ki sami saurin hawanta. Da kin san saurin, sai ki juya lissafin a kan sauran matakalan, kowace ta gaya miki inda teku yake a zamaninta. Mita 120 ɗin da na ambata ma ta irin wannan hanya aka tabbatar da ita: a 1989 Richard Fairbanks ya wallafa sakamakon haƙa a ƙarƙashin tekun Barbados, inda ya bi wani murjani da ba ya rayuwa ƙasa da kamar mita 5 daga saman ruwa, ya same shi jere har can zurfi, mafi zurfi mafi tsufa.

Kama da wane

Ba duk abin da ya yi kama da tsohon bakin teku ne shi ba, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. A farkon aikina, a wata gaɓa, na ci karo da shimfiɗar ƙumba mai kauri a bakin wani tudu da ruwan sama ya zaizaye, 'yan mitoci sama da teku. Na auna tsayi, na cika jaka da samfur, ina ta murna. Wani dattijon abokin aiki ya tsuguna ya ɗebi cikin hannu ya baza a tafinsa bai ce komai ba, ya miƙo mini. Sai a lokacin na ga abin da ɗoki ya hana ni gani. Duk iri ɗaya ce, duk manya, babu ƙanana ko ɗaya. Wasu sun ƙone a gefe, ga gawayi a tsakani, babu mulmulalliyar tsakuwa ko guda. Jujin mutanen da ne, sun ci sun zubar. Teku ba ya zaɓe, in ya tara yakan haɗa babba da ƙarami, iri-iri, gogagge da sabo. Tun ranar ba na yarda da ƙumba sai na same ta inda ta rayu, manne da dutsenta ko a cikin raminta, ɓawonta biyu a rufe. Guguwa da tsunami su ma sukan jefa tsakuwa da ƙumba can sama da iyakar ruwa.

Wanda ya fi ni ma ya faɗa. A Glen Roy ta Sikotlan akwai layuka uku a jikin tsaunuka, a kwance ɗoɗar kamar hanyoyi. Darwin, da ya dawo da idon Chile, ya rubuta a 1839 cewa tsofaffin gaɓoɓin teku ne. Gaɓoɓi ne kam, amma na tafki ne da ƙanƙara ta datse. Rashin ƙumbar teku a wurin ya isa ya ja masa kunne, sai ya nemo wa rashin uzuri. Daga baya ya amsa kuskurensa da bakinsa.

Afisa, tsohon birnin da ke Turkiyya a yau, tashar jiragen ruwa ce a zamanin Rumawa, yanzu kuwa tana kilomitoci daga teku. Nan ba ƙasa ce ta hau ba, ba kuma ruwa ne ya sauka ba, kogi ne ya yi ta zuba laka har ya cike mashigar. Gaɓa na iya matsawa gaba ko baya ba tare da tsayi ya canja ba. Zurfafan mashigan ruwan Norwe ma a yi hattara da su. Sognefjord ya haura mita 1,300 a zurfi, amma ƙanƙara ce ta haƙe shi, ita kuwa, saɓanin kogi, tana iya haƙa ƙasa da fuskar teku. Zurfinsa ba awon hawan ruwa ba ne.

Ko alamar ta gaske ce, tana da iyakarta. Daidaiton awo ya danganta da yawan cika da janyewar wurin. A Bahar Rum bambancin bai wuce 'yan santimitoci goma-goma ba, don haka lungun da ruwa ya ci a dutsen farar ƙasa siriri ne, yana ba da awo mai kyau. A Bay of Fundy ta Kanada bambancin yakan kai mita 16, alamar sai ta bazu. Ƙumbar teku kuma kan nuna shekarun da suka ɗara na gaskiya da kamar 400, saboda kabon ɗin da ke cikin ruwan teku tsoho ne, dole a gyara lissafin. Sannan teku yana goge rubutunsa da kansa: duk hawan da ya yi yakan cinye alamun da ke ƙasa da shi, shi ya sa muka fi sanin lokutan da ya cika fiye da lokutan da ya janye. Har maganar da na yi cewa ruwa a kwance yake, a kan faɗin duniya tana da gyara. Tulin ƙanƙara mai girman nahiya yana jan ruwa zuwa gare shi da nauyinsa, in ya narke ruwan da ke kusa da shi sauka yake yi, na nesa ya hau fiye da kima. Ruwan da ya ƙaru kuma yana danna ƙasan teku. Shi ya sa a gaɓoɓin Brazil da Ostireliya ake ganin alamun da ke nuna teku ya fi na yau da mita ɗaya zuwa uku wajen shekara 6,000 da suka wuce, alhali a Holan babu wannan. A ganina duk wanda ya zana miki layi ɗaya ya ce ga tarihin tekun duniya, matsakaici ya ba ki, ba tarihin wata gaɓa takamaimai ba.

Wannan rikicin bai tsaya a zamanin da ba. Tekun duniya ya hau kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, amma ma'aunin ruwa na Stockholm, da ake karantawa tun 1774, sauka yake nunawa, don ƙasar ta fi ruwan sauri. A arewacin Jakarta kuwa ruwa na cin unguwanni da saurin da ya ninka na tekun duniya sau da yawa, saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa birnin na lotsawa. Sai da aka fara auna tsayin teku daidai daga tauraron ɗan'adam a 1992, aka kuma kafa na'urorin GPS kusa da ma'aunan ruwa, sannan aka iya auna kowanne shi kaɗai.

Ga abin da zan ba ki shawara ki yi a aji. Ki samo baho da ruwa da dogon katako busasshe. Ki tsoma katakon a kwance a kan gefensa, rabi a ruwa rabi a waje, ki ja layi da alli a iyakar jiƙewar. Ki sa ɗaliban su juya baya. Karo na farko ki kwashe ruwa kaɗan, karo na biyu ki mayar da ruwan ki sa dutse a ƙarƙashin katakon gaba ɗaya, kowane karo su juyo su faɗi abin da kika yi ta kallon layin kaɗai, bayan kin kare bakin bahon da kwali. Ba za su iya bambancewa ba. Karo na uku ki ɗaga gefe ɗaya kawai, layin ya karkace. Sannan ki ƙara katako na biyu da na uku a wasu sassan bahon, kowane da layinsa, ki sake kwashe ruwan, ki kira yarinyar nan ta zo gaba ta faɗa wa 'yan ajin abin da ya motsa.